Maganin Tsargiya da Amanar Adda Dudu

Ranar da na sauka Ingila ba wanda ya zo tarbata. Tun daga Yola aka ce mini wani zai tsaya a tashar jirgin ƙasa yana jirana. Na tsaya har ƙafafuna suka daina jin takalmi, ban ga kowa ba. Zani da riga ne a jikina, sai wata 'yar suwaita da mahaifiyata ta saya a kasuwar Jimeta, mai kanti ya rantse mata cewa irinta Turawa ke sawa a ƙasarsu. Ƙarya yake yi, Allah ya yafe masa.

Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, muna cikin Jihar Arewa maso Gabas, komai ƙanƙantar takarda sai ta je Maiduguri an sa mata hannu. Sunana Hajara, 'yar Jimeta ce ni. Kakannina na wajen uba marina ne daga Kano da suka biyo fatauci suka zauna, mahaifiyata kuma Bafulatanar Damare ce, tsallaken Binuwai. Ina aiki a ɗakin gwaji na asibiti, ina duba jini da fitsari a madubin gwaji, har wani likita Bature mai suna Dakta Molan ya nema mini gurbin karatu a makarantar da yake koyarwa. Shi ne ya zo binciken tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini da ta addabi ƙauyukan bakin kogi. Mutanen Damare ba su taɓa kiransa da sunansa ba. Baturen Dodon-koɗi suke ce masa, don kullum yana cikin ruwa da wando a naɗe yana tsintar dodon koɗi, wai a jikin dodon koɗin cutar ke ɓuya.

Ina tsaye a tashar nan ina rawar ɗari sai ga wani baƙin mutum cikin babban kwat, ya dube ni ya ce, "Sannu 'yar'uwa, daga ina?" Hausar bariki ce, karyayyiya, amma a kunnena ta fi kiɗa daɗi. Nan take na saki jiki. Na faɗa masa sunana da garinmu, har da unguwarmu da bai tambaya ba. Ya ce ai ya san Jimeta, ya taɓa cin kifi a bakin kogi. Ya ce in riƙe ƙaramar jakar, shi zai ɗauki akwatin ya samo mana motar haya a ƙofa. Na bi akwatina da ido har ya shige cikin mutane. Har yau motar ba ta zo ba.

Zannuwana na kirki duk suna ciki, amma ba su suka fi ci mini rai ba. Akwai yaji da daddawa da kuka da busasshen kifi da mahaifiyata ta ƙulle a ƙasan akwatin. Na zauna a benci na yi kuka ba kunya, irin kukan da rabona da shi tun ina firamare. Wani tsohon ɗan dako mai jan hanci ya zo ya tsaya a kaina, ya yi ta magana da wani irin Turanci da ba a koya mana a makaranta ba. Da ya ga ba na ganewa sai ya tafi ya dawo da shayi a kofi, ya damƙa mini a hannu. Shi ya raka ni wurin 'yan sanda, su kuma suka rubuta abin da za su rubuta, suka nuna mini hanyar makaranta.

Neman ɗaki ya koya mini abin da ban sani ba game da fuskata. Sai in ƙwanƙwasa ƙofa, a buɗe, a dube ni daga ɗankwali zuwa takalmi, a ce ai yanzun nan aka kama ɗakin. Wata ma ba ta wahalar da bakinta ba, labule kawai ta ɗaga ta sake. Ni da na fito daga garin da ko mahaukaci ya yi sallama sai an ba shi ruwa. A ƙarshe na faɗa hannun Misis Doyil, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ita da kyanwoyi biyu da take hira da su kamar jikokinta. Ta ce ita ma baƙuwa ce a garin, daga tsallaken teku iyayenta suka zo, ta san ƙarar ƙofa idan an rufe wa mutum. Girkinta dai sai haƙuri, kabeji da dankali ne a dafa su har su fita hayyacinsu, ba gishiri ba barkono. Amma da ta ga suwaitata sai ta kama baki, ta hau sama ta sauko da kwat ɗin marigayi mijinta. Ya kai mini har ƙwauri, hannuwana sun ɓace a ciki, yara na yi mini dariya a titi. Ban cire shi ba sai da rana ta tuna da ƙasar.

Dakta Molan ya karɓe ni da murna ta gaskiya. Ya ba da haƙuri kan wanda ya manta bai zo tarbata ba, ya zaga da ni ɗakin gwaji yana ce wa mutane ga idon da ya fi nasa ganin ƙwan tsutsa. Ina so a san wannan tun yanzu, mutumin kirki ne. A Yola na taɓa ganin ya ɗauko wani masunci da fitsari ya ƙi fita, a bayan motarsa, ya tsaya a kansa har aka yi masa aiki. Tsargiya ta zame masa abokiyar gaba, yana maganarta kamar ita ta kashe masa uwa.

Aka sa ni a benci ɗaya da Dakta Fira, wata 'yar Indiya siririya mai furfura. Aikinta lissafi ne, a kawo mata sakamakon gwaji ta faɗi ko ya isa hujja ko bai isa ba. Ba ta cika dariya ba, kuma ba ta yarda da lissafin kowa sai ta sake shi da kanta. Ita ta nuna mini kantin da ake sayar da barkono, can bayan tashar bas. Ranar na barbaɗa shi a kan kabejin Misis Doyil na ci ina hawaye, tsohuwa ta yi ta bubbuga mini baya tana cewa kewar gida ce. Kewar ce kuwa, har da barkonon.

Amma akwai abin da ya fi sanyi da kabeji damuna, kuma daga gida na taho da shi. Kafin tafiyata, bayan Dakta Molan ya riga ya koma ƙasarsu, na shiga kwalekwale na tsallaka Damare yi wa dangin mahaifiyata sallama. A can ya gwada sabon maganinsa da rani. Ƙwayoyi ne, aka ba manya da yara, kuma ni da kaina na ga ƙwan tsutsa ya ragu a fitsarinsu. Adda Dudu 'yar Kawuna ce, ta girme ni kaɗan, a gidanmu ta tashi a hannun mahaifiyata, tabarma ɗaya muke kwana har aka yi mata aure aka kai ta Damare. Ta ja ni bayan rumbu ta ce tana da magana.

"Hajara, maganin Baturenku ɗin nan," ta ce, "bayan na sha, ciki ya fita."

Na ce, "Wane ciki, Adda?"

"Nawa mana. Bai yi ƙwari ba. Ba wanda ya sani, ko maigida ban faɗa ma shi ba, ni kaɗai na gyara kaina. Kuma ba ni ɗaya ba ne, akwai amare biyu. Mun haɗu a rijiya mun gane juna."

Na ce ai an ce ba za a ba masu ciki ba, ko ba a tambaye su ba ne?

"An tambaya. A ƙofar Jauro mai gari, ƙarƙashin durumi. Bature ya faɗa, malamin asibiti ya juya da Fulfulde, wai mai ciki ya ɗaga hannu ya koma gefe. Baffan maigida yana zaune, surukata yana zaune, Kawunki ma yana wurin. Ke in ke ne za ki ɗaga?"

Ba zan ɗaga ba. Ba macen da za ta ɗaga. A wajenmu cikin fari ko uwar da ta haife ki ba kya faɗa wa da baki, sai dai ta gani ta kawar da kai. Mace ta gwammace ta haɗiye ko mene ne da ta tsaya a gaban surukai ta nuna da hannunta abin da ya faru a ɗakinta. Haka da aka dawo tambayar ko magani ya dami wani, a wurin aka sake tara su, kowa ya ce lafiya lau. Adda ta riƙe hannuna ta ce in bar maganar a cikina, don in surukarta ta ji ta zubar da jikan fari a kan ƙwayar Bature, ta shiga uku. Na yi mata alkawari. A lokacin na ɗauka an gama gwaji, abin da ya faru ya riga ya faru.

Sanyi ya yi nisa lokacin da Dakta Molan ya kira ni ofishinsa, fuskarsa kamar an yi masa haihuwa. Ya gama rubuta rahoton binciken Damare, har ya sa sunana a cikin waɗanda suka yi aikin. Ya ce in manyan makaranta sun amince, rani mai zuwa za a raba maganin a duk ƙauyukan bakin Binuwai, har inda kwalekwale ke kaiwa. Ya zaunar da ni ya karanta mini da kansa. Da ya zo inda ya ce an ware masu ciki tun farko, kuma ba wanda magani ya cutar, sai Adda ta faɗo mini a rai. Ƙauyukan nan cike suke da amare, kuma kowane ƙauye yana da Jauronsa da inuwar da ake tara mutane.

Na tashi na fita. Na yi kwanaki ina jujjuya abin, abinci ya ƙi shiga, har Misis Doyil ta fara zargin girkinta, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. In na yi shiru, za a sake tara mata a tambaye su a gaban maza, su sha. In na yi magana, na ci amanar Adda. Kuma ina tsoro don kaina ma. Mutumin nan shi ya kawo ni, shi zai sa hannu a takardar shaidata, duk Jimeta kuwa ta san Hajara ta tafi Ingila. Sai na nemi hanyar tsakiya, na ce zan faɗi al'adar in ɓoye sunan.

Na same shi shi kaɗai a ɗakin gwaji. Na ce, "Dakta, yadda aka tambayi matan nan, ba wadda za ta faɗi gaskiya." Na yi masa bayanin cikin fari da surukai iyakar Turancina.

Ya cire tabarau ya ce, "Sau biyu na tambaye su, Hajara. Da harshensu."

"A gaban surukansu."

"Kina nufin akwai mai ciki da ta sha?"

"Akwai. Kuma cikin ya zube. Ba ita kaɗai ba ce."

Jan fuskarsa ya ƙaru. Can ya ce, "Su wa?"

Na ce ba zan iya faɗa ba.

"To me kike so in rubuta? In ce wata ta gaya wa wata a bayan gida? Mata na yin ɓari ko da magani ko ba magani, kin fi ni sani, zazzaɓi kaɗai yana zubar da ciki. In na tsayar da aikin nan a kan jita-jita, shekara guda ta tafi, kuma a shekarar nan mutanen ƙauyukan za su ci gaba da fitsarin jini. Kin ga mafitsarar masuncin nan da cutar ta cinye, kina wurin. Waɗannan na gan su da idona. Naki kuwa ko suna babu."

Maganarsa ba shirme ba ce, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne, da abin ya zo mini da sauƙi. Na ce to a ƙara layi ɗaya a rahoton, a faɗi inda aka yi tambayar da kuma a gaban wa. Ya ce layin nan ɗaya ya isa ya kashe rahoton, don duk mai karatu a kansa zai tsaya. Na ce ashe ya san nauyinsa ke nan. Bakina ne ya riga hankalina, halina ne tun ina yarinya, mahaifiyata ta yi faɗa har ta gaji. Ya mayar da tabaransa ya ce in koma bakin aikina.

Dakta Fira ta lura na fasa kwalba biyu a safiya ɗaya. Da lokacin shayi ya yi ta ce in zauna in faɗa mata. Na faɗa mata komai banda sunan. Ta daɗe tana juya cokali a kofi.

"A garinmu ma haka ne," ta ce. "Ya kamata in tambaye shi yadda aka yi tambayar, ban tambaya ba, lambobi kawai na karɓa. Mata uku ba su isa a ce magani ne ba. Ba su kuma isa a ce ba shi ba ne. Ba mu sani ba, rahoton kuwa ya ce mun sani. Ba zan sa hannu a kansa haka ba."

Na ji wani sanyi a raina, amma ba ta gama ba.

"In na ƙi sa hannu, maganar za ta je gaban manya. Za su kira ki, kuma za su nemi suna. Ni ba abin da zai same ni, na tsufa a gidan nan. Ke za ki sha wuyar. Ki yi tunani."

Na ce ta kai maganar. Na faɗa ne da ƙarfin hali, ina ganin zan iya riƙe bakina a gaban ko waye.

Manya uku ne a bayan dogon tebur, ɗakin na warin taba. Dakta Molan na gefe ɗaya, Dakta Fira na ɗaya gefen, ni a tsakiya cikin kwat ɗin mamaci. Suka tambaye ni ko ni ungozoma ce, na ce a'a. Ko na gani da idona, na ce a'a. Ɗaya daga cikinsu ya yi murmushi ya ce ya zauna a ƙasashe masu zafi, ya san mutanen ƙauye ko akuya ta mutu sai su ce maganin Bature ne. Na ce masa matan nan ba su ce maganin Bature ba ne, ba su ce komai ba, matsalar ke nan. Dakta Molan bai ce uffan a kaina ba, ko kalma ɗaya ta ɓatanci, ya dai sake faɗin abin da ya faɗa mini game da masu fitsarin jini.

Sai babbansu, wani tsoho mai sanyin murya, ya ce, "Ba ma zarginki da ƙarya. Amma ba za mu tsayar da aiki irin wannan a kan an ce an ce ba. Ba mu mutum ɗaya da za a iya zuwa a tambaya. In babu, rahoto zai wuce yadda yake."

Na dubi Dakta Fira, ta sunkuyar da kai, ta bar mini zaɓina. Na tuna amaren da ban sani ba, waɗanda za a jera a inuwa a miƙa musu ƙwaya da kofin ruwa. Na tuna Adda. Ban ji wata jarumta ba, baƙin ciki kawai na ji.

Na ce, "Yayata ce. Sunanta Dudu, matar Hammadu, a Damare."

Daga nan na shiga roƙo. Na ce don Allah mace za a tura, ita kaɗai, ta shiga cikin gida kamar ta zo gaisuwa, kada a ambaci sunan nan a waje. Tsohon ya ce tabbas, haka za a rubuta, kuma na ga ya rubuta.

Suka yanke cewa rahoto zai jira, rabon magani ya koma wani ranin, kuma in an tashi yi mata ne za su tambayi mata a cikin ɗaki. Dakta Molan da hannunsa ya ƙara layin nan da ya ƙi a farko. Amma ya daina zaga ɗaki da ni, aka mayar da karatuna ƙarƙashin Dakta Fira, in mun haɗu sai gaisuwar kai. Sau ɗaya ya tsayar da ni a matakala.

"Ina tunanin abin nan kullum," ya ce. "In ba ki yi daidai ba, akwai waɗanda suka biya shekara guda da jininsu."

Na ce, "In kuma na yi daidai fa, Dakta?"

"To ni na ba su ƙwayar da hannuna."

Ya wuce. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a 'yan watanni kamar shi ba, kuma da lokacin ya yi ya sa hannu a takardar shaidata ba ja-in-ja.

Sanyi na biyu ya kwantar da ni da ciwon ƙirji. Misis Doyil ta yi jinyata, tana shafa mini wani mai mai yaji, tana korar kyanwoyinta daga inda nake salla. Na faɗa mata abin da na yi, ina so wani ya ce mini na kyauta. Ba ta faɗa ba. Ta ce ita dai tana da ƙanwa da suka yi shekaru ba sa magana a kan abin da bai kai wannan ba, ta gyara mini bargo ta je ɗora kabeji.

Na dawo Jimeta ana tsakiyar damina, kogi ya cika. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, kowa na son ganin wadda ta je Ingila, na sha kunun gyaɗa har na kasa tashi. Da la'asar mutane suka watse, mahaifiyata ta kira ni ɗakinta ta ce, "Hajara, me kika faɗa wa Turawa?"

Ashe saƙon ya taso daga Ingila ya bi ta Maiduguri ya sauka asibiti, a hanya maganar a tura mace ta faɗi, ko kuma an ga babu macen da za a tura. Malamin asibitin nan dai da ya yi tafinta shi aka ba. Ya yi abin da kowane ma'aikaci ke yi in ya shiga ƙauye, ya fara sauka wurin Jauro, don ba a shiga gidan mutum ba da saninsa ba. Jauro ya aika a kira Dudu matar Hammadu. A ƙofar gida, dattawa na zaune, aka tambaye ta ko ta yi ɓari bayan ta sha magani. Ta ce ita ba ta taɓa yin ciki ba. Malam ya rubuta haka ya hau kekensa. Amma duk Damare ta ji tambayar, kuma surukarta ba yarinya ba ce. Sai da Adda ta yi watanni a gidan Kawu kafin aka sasanta ta koma.

Wato a takarda ma ni ce maƙaryaciya. Binciken ya ce ba a sami komai ba, kuma har yau ban san ko ƙwayar ce ta zubar da cikin Adda ba, Dakta Fira ma ba ta sani ba. Dokar cewa mata su tambayi mata ce kawai ta tsaya, don an riga an rubuta ta, kuma da yake ba mata da yawa a asibitin, ni aka ɗora a kan aikin.

Na tsallaka Damare tun kafin a fara. Adda ta fito ta tarbe ni da fara'a, ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwa da nono ta durƙusa ta ajiye.

"Sannu da zuwa, Malama Hajara. Ya hanya? Ya mutanen Ingila?"

Muka yi hirar cikar kogi da tsadar gero. Da na ga tsakar gidan ba kowa na ce, "Adda, ki yafe mini."

"Me kika yi? Ba komai. Ki sha nono, na yau ne."

Da ta zage ni, ko ta kore ni, da na san inda zan kama. Ta raka ni iyakar ƙofa ta ce in gaida Goggo, wato mahaifiyata.

Da rani ya zo muka fara bin ƙauyuka, ni da wata ungozoma mai suna Malama Saratu. Maza da yara aka tara su a ƙofar Jauro yadda aka saba, mu kuma muka bi gida gida, mu shiga ɗaki mu saki labule. Ko a nan ma ba da baki suke faɗa ba. Wata ta rufe fuska da mayafi ta yi dariya, wata ta ce sai dai baɗi, mu kuwa mu gane mu mayar da ƙwayar cikin jaka. Sun fi yadda na zata yawa, a kowane ƙauye.

A Damare, da muka iso gidan Hammadu, na miƙa wa Malama Saratu jakar na ce ta shiga ita kaɗai. Na tsaya a waje cikin rana ina kallon kaji. Ta ɗan jima a ciki, har na ji muryar Adda ƙasa-ƙasa, da 'yar dariya. Da ta fito ta miƙo mini jakar ta ce, "Wannan gidan ba za a ba da ƙwaya ba bana," ta nufi gida na gaba. Ban tambaye ta dalili ba, na rataya jakar na bi bayanta.